Ƙoƙon da Aka Ƙi Sha a Omaha

Barnaba Kueth ma'aikacin mayanka ne a Omaha, a jihar Nebraska, kuma wanda ya ga hannuwansa ba ya bukatar a gaya masa. Yatsun hannun dama sun lanƙwashe daidai kaurin ƙotar wuƙa, ko barci yake yi ba sa miƙewa. Kafaɗar hagu ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta saboda jan ƙugiya. Tun duku-duku yake sa farar riga da safar ƙarfe, ya tsaya bakin bel cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, cinyoyin shanu suna zuwa yana zare musu ƙashi har la'asar. Haka ya yi ta yi har furfura ta kama shi.

A ƙasar Nuer aka haife shi, can kudancin Sudan, inda ake sanin kowane sa da launinsa da halinsa, saurayi ya tsara wa sansa waƙa, har ya ari sunansa. Tsohon yaƙi ne ya fitar da shi, zanen goshinsa bai daɗe da warkewa ba. Ya taka da ƙafa zuwa Habasha, daga nan Kenya, inda wani katikis, malamin coci, ya yi masa baftisma a gindin bishiya da ruwan jarka. Ƙanensa Duop ya ƙi fita. Ya ce in kowa ya gudu, wa zai riƙe shanun Baba? Ranar da Kueth ya fara aiki a mayanka sai da ya fita waje ya yi amai, don bai taɓa ganin an kashe sa ba tare da an shafa masa toka a baya an faɗa wa Allah dalili ba. Washegari ya dawo. Akwai mata da 'ya'ya, akwai kuma Duop da ke jiran a aika masa maganin shanu.

Wanda ke tsaye kusa da shi a bel shi ne Madut Akol, ɗan Dinka, dogo kamar tsani, bakinsa ba ya hutawa. Nuer da Dinka abokan wasa ne tun kakanni, irin wasan da wani lokaci yakan kai ga mashi. Nuer suna cewa da fari Allah ya ajiye musu maraƙi, ɗan Dinka ya zo ya kwaikwayi muryarsu ya karɓe.

"Ɓarawon maraƙi, ka tashi lafiya?" in ji Kueth kullum in zai shiga motar Madut.

"Lafiya lau, ɗan fashi. Maraƙi ɗaya muka ɗauka, ku kun kwashe garkunan duniya kuna cewa ramuwa ce. Rufe min ƙofa a hankali, ba shingen ubanka ba ne."

Filas ɗin shayi ɗaya gare su, murfinsa ne kofinsu. Cocinsu ma ɗaya. Wani tsohon cocin Katolika ne da Turawa suka gina suka tsufa suka bari, Fada Hruska ya ba mutanen kudancin Sudan sujadar Lahadi da rana. Kueth ne ya fara share zauren ƙasa, shi ya jera kujeru, shi yake kwashe ƙanƙara daga matakala kafin mata su iso. A taro ba a jin muryarsa. Masu baki suna da yawa a cikinsu, kuma faɗe-faɗe ba ya kwashe ƙanƙara. Da Fada ya nemi wanda zai riƙa riƙe ƙoƙon ruwan inabi lokacin tarayya, bai tambayi kowa ba, ya nuna Kueth.

Aikin ba shi da wuya. Mutum ya karɓi gurasa a hannun Fada, sai ya matso wurin mai ƙoƙo. Kueth ya ce, "Jinin Kristi," mutum ya ce "Amin," ya kurɓa. Kueth ya goge bakin ƙoƙon da farin ƙyalle, ya ɗan juya shi, don na baya ya sami wurin da ba a taɓa ba. In layi ya ƙare, abin da ya rage mai ƙoƙo ne ke shanyewa, domin ba a zubar da shi.

A watan Disamba yaƙi ya ɓarke a gida, a ƙasar da ko yaye ta ba a gama yi ba. Wannan karon babu baƙo a ciki, su ya su ne. Wayoyi suka yi ta ƙara a aljihun fararen riguna. An kashe wane a Juba, babban birni, an ƙone garin su wance. Kowa ya ji nasa, bai ji na wancan ba.

Akwai wata doka a wurinsu da ta girmi coci. In jini ya shiga tsakanin gida biyu, ba a ci a akushi ɗaya, ba a sha a ƙwarya ɗaya, sai an biya diyya da shanu, mai fatar damisa, wato mai sulhun gargajiya, ya zo ya soke sa, jininsa ya zuba a ƙasa. Wanda ya karya, an ce cikinsa zai kumbura ya mutu. Babu wanda ya tashi a coci ya tuna wa kowa wannan. Lahadi kawai ta zo, mutane suka karɓi gurasa, suka iso gaban Kueth, suka sunkuyar da kai suka wuce. Nuer suka koma kujerun dama, Dinka na hagu.

Fada Hruska tsoho ne mai kirki, ɗan manoman masara. Ya duba ya ga lokacin sanyi ne, ya ɗauka tsoron mura ne. Ya tsaya gaban bagade ya yaba musu yadda suke kula da lafiyar juna, ya sa aka ajiye kwalbar man wanke hannu a bakin ƙofa. Kowa ya shafa ya shiga.

Madut kaɗai ya ƙi dainawa, shi da wasu tsofaffin mata biyu. Zai kurɓa ya ce "Amin" da ƙarfi, ya raɗa wa Kueth, "Ni dai shanu nake yanka, ban yanka kowa ba." Kueth ya shanye ragowar, bai ji komai ba, tunda jinin bai taɓa gidansa ba.

Sai da aka shiga azumin kafin Ista ya taɓa. Suna hutun rana a mayanka waya ta shigo daga wani ɗan kawunsa. An ƙone garinsu. Mutane sun gudu cikin fadama, Duop ya koma don ya kwance shanu, aka harbe shi a bakin turke. Ba wanda ya iya komawa ya binne shi. Kueth ya ce, "To." Ya mayar da wayar aljihu, ya wasa wuƙarsa, ya koma bel ya ƙarasa aikin ranar. A mota Madut ya dubi fuskarsa sau ɗaya, bakin nan da ba ya hutawa ya rufu har suka isa. Washegari Kueth bai shiga motar Madut ba, ya hau bas.

Ranar Lahadi Madut ya iso gaban ƙoƙo ya tsaya. Ya dubi ƙoƙon, ya dubi Kueth. Ya san ragowar cikin wa take zuwa. Sai ya sunkuyar da kai ya wuce kamar kowa.

A gida akwai Gwaggo Nyachuol, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta goyi Duop. Tana zaune kullum kusa da hita da carbinta na rosari, kuma ba ta ga saɓani tsakanin rosarin da dokar kakanni ba.

"Ka ajiye ƙoƙon nan," in ji ta. "Wata rana wani mara hankali zai sa baki, ka shanye, ka bar min marayu a ƙasar ƙanƙara."

"Gwaggo, aikina ne."

"Aikinka! Fada ba shi da hannu ne?"

Bayan ita sai Wiyual, direban babbar mota, shugaban ƙungiyar Nuer ta garin. Shi ma ba daga nesa yake magana ba, 'ya'yan yayansa biyu aka fitar daga gida a Juba ba a sake ganinsu ba. Ya zo da yamma, aka kawo masa shayi bai taɓa ba. Ya ce ya shirya da Fada, Lahadi mai zuwa za a yi sujada da sunan Duop, kuma za a ba dangi dama su yi magana.

"Kai za ka yi. Ni na yi magana har an gaji da ni. Kai ba ka taɓa buɗe baki ba, shi ya sa za a ji. Ka tsaya a gabansu ka faɗi su wa suka kashe shi. Kana gamawa mu tashi gaba ɗaya mu fita. Na samo mana zaure a bayan shagon tayoyi, mu yi addu'armu mu kaɗai."

Kueth ya ce, "Ni na jera kujerun cocin nan."

"Kujeru! Ɗan'uwa, ungulu ne suka ci ƙanenka, kana min maganar kujeru?"

Wannan ta shige shi kamar tsinin ƙugiya. Gaskiya Wiyual ya faɗa. Tun da waya ta zo bai yi kuka ba, bai yi zagi ba, wani abu ne dai ya tokare masa ƙirji kamar ya haɗiye ƙashi. In ya buɗe baki ranar Lahadi, ya san abin da zai fito, kuma cocin zai tsage biyu a hannunsa. In ya yi shiru, ya bar Duop a bakin turke karo na biyu.

A gefen cocin akwai ɗan ɗakin addu'a da ake bari a buɗe da rana, mai jar fitila da ba ta mutuwa. Ranar Litinin ya sauka daga bas a can, yana warin kitse da ruwan wanke ƙasa, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa. Shi bai iya doguwar addu'a ba. Yadda yake magana da shugaban aiki haka ya yi.

"Ga ni. Ka san Duop. Ba a binne shi ba. Akwai abu a ƙirjina, in na fito da shi wuta ce, in na riƙe shi na ci amanarsa. Ka nuna min yadda zan yi. Lahadi ce."

Ya jira. Fitila tana ci, bututun hita yana ƙwanƙwasa. Babu komai.

Ya koma washegari da rosarin matarsa. Bai kai rabi ba gajiya ta kayar da shi, ya farka goshinsa a kan katakon kujera, wata tsohuwar Baturiya tana kallonsa. Ranar da ta biyo ya yi wa Allah faɗa sosai. "Ko a mayanka in bel ya tsaya akwai wanda ke zuwa ya duba. Kai fa?" Da ya fito ya ji kunya, ya koma ya ce a yafe masa, amma bai janye tambayar ba.

A ranar ne matarsa Nyabuony ta ajiye masa walwal, abincin dawa na gida, da madara ta zauna a gefe, abin da ba ta saba ba.

"Na haɗu da matar Madut a wurin wankin kaya."

"To?"

"An kashe Aluel, yayar Madut. Tun kafin Duop. Namu ne suka shiga garin da take aure, ta ɓuya a asibiti, a can suka same ta."

Kueth ya ajiye cokali. Ya lissafa baya, ya ga cewa a makonnin nan da Madut ke kurɓa yana cewa "Amin" da ƙarfi, yana sha ne daga hannun ɗan Nuer alhali yayarsa tana kwance ba kabari. Kuma Madut bai faɗa masa ba. Mutumin da ke ba da labarin ko atishawar da ya yi.

Ranar Juma'a bayan addu'ar Hanyar Gicciye, Fada ya tsare shi a bakin ƙofa ya riƙe masa hannu.

"Barnaba, ina yi wa ɗan'uwanka addu'a. Ka ga har yanzu mutane suna gudun ƙoƙo, ga sanyi ya fara sauki. Murar bana ta yi tsanani."

"Fada, ba mura ba ce."

Ya gaya masa a taƙaice. Tsohon ya zauna a kan matakala, kunnuwansa suka yi ja.

"Ni kuma na sayo man wanke hannu."

"An gode. Yana da ƙamshi."

"To me ake yi a can kafin a sake sha tare?"

"A biya shanu. A kawo sa, a shafa masa toka, a faɗa wa Allah duk abin da aka yi, ba a ɓoye komai. Sai a soke shi."

"A nan wa zai yi muku wannan?"

"Babu. Mai fatar damisa yana can cikin fadama yana gudun ransa. Kuma wannan jinin, Fada, shanun Nebraska duka ba za su biya shi ba."

Fada ya ce dai duk abin da Kueth ya ga zai yi ranar Lahadi, shi ba zai katse shi ba.

Asabar da hantsi ya je goge kayan bagade kamar yadda ya saba. Coci ba kowa. Ya fito da ƙoƙon, ya zauna a kujerar gaba yana murza shi da ƙyalle, ya ce a ransa gobe ne, kuma Allah bai ce uffan ba. Wuyansa ya gaji, ya ɗaga kai. Babban gicciyen katako mai siffar Kristi a jikinsa yana rataye inda yake tun kafin a haife shi. Ya sha ganinsa. Amma a ranar idon mahauci ne ya kalle shi, idon da ke duba inda aka sa ƙarfe. Ga raunin nan a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, an shafa masa jan fenti har zuwa ƙugu.

A mayanka wuya ake yankawa. A gida ba haka ba. San sulhu mashi ake soka masa a gefen dama, bayan kafaɗa, ya tarar da zuciya. Yana yaro ya ga an yi, ya ga inda mashin ya shiga. Nan ne daidai.

Ya dubi raunin, ya dubi ƙoƙon da ke hannunsa. Wata uku mutane suna jiran a soke sa, shi kuma yana tsaye a gabansu kowace Lahadi da jinin a hannu, yana faɗar sunansa da bakinsa.

"Ashe an riga an soke," ya ce a fili.

Sai sauran ya biyo da kansa. Kafin a soke sa ana faɗa wa Allah duk abin da aka yi. Allah ake faɗa wa, mutane suna ji ne kawai. Wanda ke rataye a can ma bai mutu shiru ba, da ƙarfi ya yi kira yana tambayar don me aka yashe shi. Kueth ya ƙarasa goge ƙoƙon, ya mayar da shi, ya tafi gida ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Ranar Lahadi cocin ya cika har bango. Nuer sun zo daga garuruwan da ke kusa, Dinka ma sun zo, don rashin zuwa magana ce. Bayan karatun Bishara, Fada ya ce dangin mamaci suna da magana, ya zauna. Kueth ya fito. Wiyual ya gyara zama, ya riga ya ɗauki hularsa a hannu.

Kueth bai je wurin lasifika ba. Ya tsaya a tsakiya, ya juya wa mutane baya, ya fuskanci bagade. Ya cire kwat ɗinsa ya yar. Ya ɗaga hannuwansa sama ya lanƙwasa su kamar ƙahonin sa, na dama ya miƙe, na hagu ya karkato gaba, yadda ƙahonin san Duop suke. Duk wanda ya taɓa kwana a garke ya gane. Sai murya ta fito, wadda ko matarsa ba ta san yana da ita ba.

"Baƙin sa mai farin goshi,
wa ya kwance ka da tsakar rana?
Duop, ɗan uwata, ruwa ya janye, ciyawa ta fito,
tashi ka kora su.
Ya Allah, kana ina aka ƙone turke?
Kana gani aka bar shi a rana.
Ban binne shi ba, hannuna bai kai ba.
Kai da ka san kabari, binne min shi."

Ya yi ta yi. Ya faɗi yadda aka harbe shi, ya faɗi hayaƙin, ya faɗi ungulu, bai rage komai ba. Yana buga ƙafa katakon coci yana amsawa. Gwaggo Nyachuol ce ta fara ɗaukar kukan, matan dama suka kama. Da muryarsa ta dushe ya sauke hannuwa, ya ce, ba tare da ya waiwaya ba:

"Madut Akol. Yayarka ma ba a binne ta ba. Zo ka faɗa masa."

Kujera ta yi ƙara a hagu. Madut ya taho ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, kamar a bel. Ya buɗe baki, mai maganar nan, ba abin da ya fito sai "Aluel." Ya sake cewa "Aluel." Sai ya durƙushe, matan hagu suka fashe. Wata mata a dama ta kira sunan mijinta, wani a hagu ya kira na ɗansa, aka yi ta kira ta ko'ina har ba a rarrabe yaren wa ke fita. Fada yana zaune, hawaye yana bin haɓarsa, bai duba agogo ba.

Wiyual ya matso kusa da Kueth lokacin da yake ɗaukar kwat ɗinsa. Shi ma idonsa ya yi ja.

"Ba haka muka shirya ba."

"Ka ce in faɗa. Na faɗa."

"Ba ka faɗi su wa ba."

"Wanda na faɗa wa ya san su."

Aka ci gaba da sujada. Lokacin tarayya Kueth ya karɓi ƙoƙo ya tsaya a wurinsa. Layi ya taho, kuma duk da kukan da aka sha tare, na farko ya sunkuyar da kai ya wuce, na biyu ma haka. Kuka daban, ƙwarya daban. Madut ya karɓi gurasa, ya zo zai wuce.

"Ɓarawon maraƙi," in ji Kueth, yadda na baya za su ji. "Ina za ka? Jinin Kristi."

Madut ya tsaya. "Ɗan fashi, ka san abin da kake yi? Kai za ka shanye."

"Na sani. An soke san tuntuni, ga shi can a rataye. Sha."

Madut ya ɗaga kai ya dubi inda Kueth ya nuna da haɓa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce "Amin," ya kama ƙoƙon da hannu biyu ya kurɓa.

Farin ƙyallen yana hannun Kueth. Bai goge ba. Bai juya ƙoƙon ba. Ya ɗaga shi yadda kowa zai gani, ya sa bakinsa daidai inda Madut ya cire nasa, ya sha.

Gwaggo Nyachuol ta ƙwala ihu ta dafe kai. Layin ya tsaya cak, ana kallonsa kamar ana jiran bango ya faɗi. Kueth ya goge bakin ƙoƙon, ya juya shi, ya dubi wadda ke gaba, wata matashiya 'yar Nuer mai aikin jinya, ya ce, "Jinin Kristi." Ta dubi uwarta, ta dubi Kueth da ke tsaye daram, ta sha. Matar Madut ta biyo. Nyabuony ta biyo ta. Waɗanda suka riga suka wuce suka fara dawowa daga kujerunsu suna shiga layi, dama da hagu a cakuɗe, wani yana taka wani. Mai ganga bai jira an ba shi alama ba. Mata suka saki guɗa har tagogi suna rawa. Fada tun Disamba kaɗan yake zubawa, ƙoƙon ya ƙare layi bai kai rabi ba, mutane suka riƙa karɓarsa haka nan suna sa baki a busasshen ƙarfe suna cewa "Amin."

Ba kowa ba. Wiyual ya sa hularsa ya fita, gidaje da dama suka bi shi, kuma sun yi addu'arsu a bayan shagon tayoyi har shekara ta juyo. Yaƙin ma bai tsaya don an sha ƙoƙo a Omaha ba, wayoyi sun ci gaba da ƙara. Amma cocin bai tsage ba. A zauren ƙasa ranar an ci kisra, wainar dawa ta Sudan, da miyar kuɓewa a faranti ɗaya, kuma da aka tashi Kueth ya shiga motar Madut ya buga ƙofar da ƙarfi, aka zage shi har gida.

Gwaggo Nyachuol ba ta yarda an tsira ba. Kowace safiya kafin ya fita sai ta tare shi ta danna masa ciki da yatsa.

"Nan fa? Ba ya ciwo?"

"Gwaggo, yunwa ce kawai."

"Abin ba ya gaggawa. Na ga wanda ya kai damina."

Ta yi makonni tana karɓar gurasa tana wucewa, tana harararsa. Sai Lahadin da ta biyo bayan Ista aka ga ta tsaya a ƙarshen layi da sandarta, tana barin kowa ya shige gabanta, Nuer da Dinka, har yaran da suka fara karɓa a bana. Da ta iso, ƙoƙon da saura kusan rabi, don yanzu Fada cika shi yake yi.

"Jinin Kristi," in ji Kueth.

"Amin." Ta jingine sandar a jikinsa, ta kama ƙoƙon, ta kafa kai. Ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasansa. Ta miƙa masa, tana haki.

"Gwaggo, kurɓa ake yi."

"Na sani. In abin zai kama wani, ya kama tsohuwa. Kai kana da 'ya'ya."

Tun daga ranar wurinta ke nan, ƙarshen layi. Madut yakan ce a duk Nebraska babu tsohuwar da ke fita coci da fara'a kamarta, ita kuma takan ɗaga masa sanda.